Tara Manga na Samurai: Yadda Ake Haɗa Dogon Labari Ba Tare da Giɓi Ba

Manga labarin zane ne na Japan. Ana fara buga shi babi-babi a mujallar mako ko ta wata, daga baya a tattara babin a fitar da su littafi guda mai shafi kusan 200, wanda Japanawa ke kira tankobon, mu kuma mu ce juzu'i. Labaran samurai, mayaƙan takobi na Japan ta da, na cikin masu dogon zango. Azumi na Yu Koyama ya kai juzu'i 48, daga 1994 zuwa 2008. Onihei Hankacho, wanda Takao Saito ya fara zanawa a 1993, ya wuce juzu'i 100. Tsada ba ita ce ke kayar da mai tara irin wannan ba. Abin da ke kayar da shi guda biyu ne: cakuɗa bugu daban-daban na labari ɗaya, da rasa juzu'an ƙarshe. Duk wanda ya taɓa karanta littafi na ɗaya da na biyu na wani labarin Hausa, ya zagaye kasuwa bai samu na uku ba, ya san ciwon. A nan sai dai a ninka shi sau goma.

Abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru

Tsawon ne daɗin. A Lone Wolf and Cub, wanda Kazuo Koike ya rubuta, Goseki Kojima ya zana tsakanin 1970 da 1976, Ogami Itto tsohon haunin fadar shogun (shugaban sojan da ke mulkin Japan a lokacin) ne da dangin Yagyu suka yi wa ƙulli. Ya ɗauki ɗansa Daigoro a keken jarirai ya shiga duniya yana kisa don kuɗi. Juzu'i 28 ne, shafi fiye da 8,000, kuma sai wanda ya bi su tun daga fari ne karon ƙarshe zai girgiza, don ya ga yaron yana koyon shiru da juriya a gaban idonsa.

Sannan hannun mai zanen kansa yana canzawa. Takehiko Inoue ya fara Vagabond a 1998 da alƙalami, a hankali ya koma buroshi da tawada. Ajiye juzu'i na 1 kusa da na 30, za ka rantse ba mutum ɗaya ya zana su ba. Jarumin labarin, Miyamoto Musashi, da ya fara da kisa kamar dabbar dawa, a juzu'an ƙarshe noman shinkafa yake yi a ƙauyen da yunwa ta addaba. Allon waya ba ya nuna wannan yadda takarda ke nunawa, musamman zanen da ya cika shafi biyu a buɗe.

Kafin ka fara, riƙe shekaru huɗu a kai, za su warware maka yawancin labaran. A 1600 aka yi yaƙin Sekigahara, inda Vagabond ya buɗe. Daga 1603 zuwa 1868 zamanin Edo ne, mulkin gidan Tokugawa, lokacin zaman lafiyar da ya bar mayaƙa da yawa ba ubangida, su ne ronin. A 1876 gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, shi ya sa jarumin Rurouni Kenshin, wanda labarinsa ya fara a 1878, yake yawan samun matsala da 'yan sanda.

Mataki na farko: san matsayin labarin

Tambaya uku kafin ka fitar da ko sisi. Labarin ya ƙare a Japan? Juzu'i nawa ne? Fassarar da kake iya karantawa ta kai ƙarshe?

Amsoshin ba sa tafiya tare. Lone Wolf and Cub ya ƙare, fassararsa ta Turanci ma ta cika. Blade of the Immortal na Hiroaki Samura, daga 1993 zuwa 2012, shi ma haka. Vagabond kuwa ya tsaya tun 2015 a juzu'i 37 ba a kai ƙarshe ba, kuma akwai 'yan babin da suka fito a mujallar Morning waɗanda ba su shiga juzu'i na 37 ba. Wanda ya tara shi ya tara da sanin cewa labarin a rataye yake. Gintama na Hideaki Sorachi, labarin barkwanci da ya haɗa samurai da halittun wata duniya, ya cika juzu'i 77 a Japan, amma kamfanin Viz ya dakatar da bugun Turanci a na 23. Wanda bai bincika ba zai yi ta cigiyar na 24 na Turanci, abin da babu shi.

Ga mai farawa, labarin da ya ƙare kuma bai wuce juzu'i 30 ba ya fi. Kada a fara uku a lokaci guda.

A kula da abin da ke ciki. Yawancin waɗannan na manya ne. Akwai jini, akwai sare gaɓoɓi, kuma a Lone Wolf and Cub da Blade of the Immortal da Shigurui akwai tsiraici da cin zarafi a fili. Bugun Turanci yakan sa alamar shekaru a bayan bango. Kasancewarsu zane ba ya nufin na yara ne, don haka wurin ajiyarsu ba inda hannun yaro ke kaiwa ba ne. Rurouni Kenshin, da ya fito a mujallar matasa ta Shonen Jump, ya fi sauƙi ta wannan fuska.

Mataki na biyu: zaɓi bugu ɗaya, ka tsaya a kansa

A nan aka fi yin asara, don haka mu daɗe a nan.

Labari ɗaya yakan fito da siga huɗu ko biyar, kowace da girmanta da yawan juzu'anta. Rurouni Kenshin misali ne mai kyau. Bugun farko juzu'i 28 ne. Babban bugu, kanzenban, juzu'i 22. Ƙaramin bugun aljihu, bunkoban, juzu'i 14. Labarin ɗaya ne, amma juzu'i na 10 na wannan ba shi ne na 10 na wancan ba. Ka sayi 1 zuwa 9 a bugun farko, ka ɗora na 10 na bugun aljihu, ka tsallake kusan kashi ɗaya cikin uku na labarin ba ka sani ba.

Ma'aunin da ake gane su da shi:

Shinsho, na labaran matasa, kusan santimita 11.5 a faɗi, 17.5 a tsayi. B6, na labaran manya irin su Vagabond, 12.8 da 18.2. Bunko 10.5 da 14.8. A5, girman da kanzenban ya fi zuwa da shi, 14.8 da 21. Idan mai sayarwa bai faɗi bugun ba, ce ya ɗora abin awo a kan littafin ya ɗauki hoto.

Kowane da ribarsa. Bunko ba ya cin wuri, takardarsa ta fi ta bugun farko jure shekaru, amma an matse zanen, ƙananan rubutu na wahalar da ido. Kanzenban yakan dawo da shafukan kala da aka mayar baƙi da fari a bugun farko, takardarsa mai kauri, sai dai nauyi da tsada. Bugun farko shi ne mai arha a gwanjo, shi ne kuma mai saurin yin ja. Akwai wani na dabam, mai kauri maras riga, wato takardar da ake lulluɓe bango da ita, da ake sayarwa a kantunan unguwa na Japan, konbini. An yi shi ne don a karanta a yar. Kada a tara shi, ko da an ba da shi a banza.

Fassara ma na da nata tarkon. Blade of the Immortal juzu'i 30 ne a Japan, amma kamfanin Dark Horse ya raba shi 31, daga baya ya haɗa su manyan kundaye 10. Vagabond na Viz a sigar VizBig kundi 12 ne, kowane ɗauke da juzu'i uku, wato sun tsaya a na 36. Na 37 sai an saye shi shi kaɗai. Lone Wolf and Cub na Dark Horse ya fito ƙanana guda 28 daga 2000 zuwa 2002, sannan manya guda 12. Akwai kuma tsohon bugun First Comics da ya fara a 1987, sirara kamar mujalla, wanda ya mutu a lamba 45 bai kai ko rabin labarin ba. Yana da daraja ga masu son bangonsa, amma ba hanyar karanta labarin ba ce.

Sai batun juya zane. Manga daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar Larabci da ajami, don haka Bahaushe ba ya shan wahalar sabawa. Masu fassarar da can sukan juya shafin kamar a madubi don ya dace da karatun boko. A labarin samurai wannan ɓarna ce ta gaske: takobi a ƙugun hagu ake rataye shi, juyawar sai ta mayar da kowa bahago. Kimono kuma, rigar gargajiyar Japan, ɓangaren hagu ake ɗorawa kan na dama, akasin haka shigar gawa ce. Lone Wolf and Cub na Dark Horse da aka ambata juyayye ne. A Blade of the Immortal wata dabara aka yi, aka yanka akwatunan zanen aka sake jera su, don mai zanen bai so a juya aikinsa ba. Vagabond na Viz an bar shi yadda yake.

Masu karatu da Faransanci, kamar 'yan Nijar da Kamaru da Chadi, suna da babbar kasuwa. Casterman ya buga Blade of the Immortal da sunan L'Habitant de l'infini, Panini ya buga Lone Wolf and Cub, Tonkam ya buga Vagabond. A yi hattara: Glénat ya sa wa Rurouni Kenshin suna Kenshin le vagabond, kuma ba shi da haɗi da Vagabond na Inoue.

Da ka yanke shawara, rubuta lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ke bayan bango, ta kowane juzu'i na bugun da ka zaɓa. Da lambar ake saye, ba da suna ko hoton bango ba. Ta Japan tana farawa da 978-4, ko 4 kawai a tsohon tsari mai lamba goma. Littattafan shekarun 1970 ba su da ita, sai a dogara da sunan maɗaba'a da girman littafi.

Mataki na uku: saye

Ƙa'idar ita ce a sayi jerin gaba ɗaya idan hali ya yi. Idan bai yi ba, a fara daga ƙarshe. Dalili: juzu'i na 1 ana sake buga shi sau da yawa, masu saye kuma suna raguwa yayin da labari ke tsawo, don haka na 25 ko na 35 kaɗan ake bugawa. Na farko kullum yana kasuwa. Na ƙarshe ne ke ɓacewa, kuma idan ya bayyana shi kaɗai, farashinsa na iya kai na goman farko a haɗe. Jerin da aka ce "saura guda biyu ya cika" ba garaɓasa ba ce sai ka tabbatar waɗannan biyun suna samuwa, kuma nawa.

Na Japananci sun fi arha a kasuwar na hannu ta Japan: Book Off, Suruga-ya, Mandarake mai babban shago a Nakano cikin Tokyo, da gwanjon Yahoo da Mercari. Da yawa ba sa aikawa waje, sai ta hannun dillalan intanet irin su Buyee da ZenMarket, waɗanda ke saye a madadinka, su ajiye a sito, su haɗa kaya su aiko. Kafin ka saya, tabbatar dillalin yana aikawa ƙasarka, kuma katinka na biya a waje. Duba kuma kwana nawa ake ajiya kyauta a sito, don bayan wa'adin kuɗi ne ke hawa kullum.

Wajen bincike, sa sunan labarin da Japananci ka haɗa da 全巻セット, wato cikakken jeri. A bayanin kaya nemi waɗannan: ヤケ takarda ta yi ja, シミ tabo, 帯付き da ɗamararsa, 初版 bugun fari (ɗab'i na ɗaya na littafin), レンタル落ち tsohon littafin haya. Na haya yakan zo da tambari da liƙe-liƙen da ba sa fita. Idan karatu kawai ake so ba laifi, amma ba ya sake sayuwa da daraja.

Ɗamara, obi, siririyar takarda ce da ake naɗawa a ƙasan rigar littafi, mai ɗauke da talla. Masu tara bugun fari suna biyan ƙari saboda ita. A ganina mai farawa ya manta da ita. Neman juzu'i 37 duk bugun fari, duk da ɗamara, aikin shekaru ne, kuma ba ya ƙara wa labarin komai.

Idan dai ana son tabbatar da bugun fari, ba a bango ake gani ba. A shafin ƙarshe akwai bayanin ɗab'i. 第1刷 shi ne ɗab'i na ɗaya. Idan an rubuta kwanan wata biyu, na biyun shi ne na kwafin da ke hannunka. Wasu tsofaffi suna amfani da shekarar sarautar Japan: ƙara 1925 a kan shekarar Showa, 1988 a kan Heisei, 2018 a kan Reiwa. Showa 47 ita ce 1972.

Hotunan da za ka nema su ne na jerin a tsaye ana ganin lambobi duka, na saman takardu daga sama, da na ciki a buɗe. Ƙirga lambobin da idonka, don na 18 guda biyu ba na 19 abu ne da ke faruwa. Idan gefen takardu ya yi fari fat amma cikin shafi ja ne, an goge gefen da inji. Shagunan na hannu na yin haka, kuma yakan rage wa littafin tsayi kaɗan, har rigar ta ɗan zarce shi.

Jabu sun yi yawa a bugun Turanci. Alamunsu: farashin sabon jeri da bai kai rabin na ainihi ba, baƙin tawada da ya koma toka-toka, ɗigo-ɗigon inuwa da suka haɗe suka yi zanen tabarma, shafin kala da ya fito baƙi da fari, rubutun da aka yanke a bakin shafi. Gam ɗinsu ba ya jure zafi, shafuka kan fara zubewa tun karatun farko.

Mataki na huɗu: lissafin nauyi da aike

Juzu'i ɗaya yana tsakanin giram 150 da 230. Jerin 28 na shinsho kusan kilo 5 ne, Vagabond 37 ya doshi kilo 8. Sau da yawa kuɗin jirgi ya fi kuɗin littattafan, don haka a lissafa shi kafin a taya. EMS na gidan wayar Japan yana da sauri da lambar bibiya. Jirgin ruwa ya fi arha amma yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, kuma kwalin yana shan jifa da laima. Ko wanne ka zaɓa, biya kuɗin ƙarin naɗi: littattafai a cikin leda, kwali mai bango biyu, a cike gurabe don kada su yi ta gogar juna. Kwali biyu masu kilo 5 sun fi ɗaya mai kilo 10 isowa lafiya, saboda kusurwar kwali mai nauyi ce ke fara fashewa. Ajiye rasit don jami'an kwastan, ka kuma ɗauki bidiyo yayin buɗe kaya, shi ne hujjarka idan wani juzu'i ya yi ɓatan dabo.

Mataki na biyar: ajiya

Takardar tankobon mai arha ce, tana da sinadarin itace da ke sa ta yin ja da gautsi idan ta sha haske da zafi. Ba a mayar da ita fari, sai dai a rage saurin lalacewar.

Rana ce abokiyar gaba ta farko. Kanta da ke kallon taga tana kashe launin gadon bayan littattafai cikin 'yan watanni, ja da rawaya ne ke fara tafiya. Kabad mai ƙofa ya fi. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin ba wurin littafi ba ne, don zafin bazara yana sassauta gam ɗin ɗauri, littafin ya karkace.

Laima da ta dace ita ce kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. Ta wuce 65 na kwanaki, fumfuna ta samu ƙofa. Ƙaramin ma'aunin laima ba shi da tsada, a sa ɗaya a kabad. Da damina a ajiye ƙullin silika a kowane hawa, a riƙa busar da su idan sun sha ruwa. Da hunturu matsalar ta juya: iska ta bushe, bango ya nannaɗe, ƙura ta kwanta a saman takardu. A share ta da buroshi mai laushi, littafin a rufe gam, daga wajen ɗauri zuwa waje. Tsumma mai ruwa tura ƙurar yake yi cikin takarda.

Gara ba ta sallama. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako, a ɗaga hawan ƙasa aƙalla santimita 15 daga daɓe, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da bango. Kwalin da aka aiko da kaya ba ma'aji ba ne, gidan kyankyaso ne. Sau ɗaya a wata a zaro wasu juzu'ai a leƙa bayansu. Kada a fesa maganin ƙwari a kan littafi, yana barin tabon mai.

A jera su a tsaye, masu girma ɗaya tare, a matse daidai yadda za a iya zaro ɗaya da yatsu biyu daga tsakiya. Jawo shi ta sama yana yaga kan rigar. Manyan kundaye masu shafi 600 zuwa sama, nauyin takardunsu yana janyo ɗaurin ƙasa, gara a kwantar da su, kada a ɗora fiye da huɗu ko biyar. Kuma ba a buɗe su a danne, gadon bayan zai karye ya bar farin layi.

Rigar leda tana da amfani, amma ta OPP, wato polifurofilin, mai haske maras wari, wadda ake sayarwa daidai da ma'aunin shinsho da B6 da A5. Leda mai laushi mai warin roba, PVC, tana manne wa bango ta ɗebe tawada. Kada a rufe littafi ruf a leda da damina, laimar da ke ciki ba ta da mafita.

Idan abu ya lalace

Salatif haramun ne a wannan sana'a: gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, ledar kuma ta ɓalle bayan shekaru kaɗan. Shafin da ya fita, a shafa siririn layin farin gam na masu ɗaurin littafi, PVA maras asid, faɗin milimita 2 a bakinsa da tsinken sakace, a mayar da shi gurbinsa, a sa takarda mai santsi gaba da baya don kada ya kama maƙwabta, a danne da nauyi awa 24. Littafin da ya jiƙe, a sa farar takarda mai shan ruwa bayan kowane shafi 20, a riƙa canzawa, a tsayar da shi gaban fanka a inuwa, sai ya kusa bushewa a danne. Wanda ya yi fumfuna a raba shi da sauran nan take, a bar shi ya bushe sarai, sannan a goge a waje da buroshi, hanci a rufe. Warin taba ko na sito yana raguwa idan aka sa littafin a rufaffen bokiti tare da gawayi na mako biyu, ba tare da sun taɓa juna ba.

Buɗe rajista tun ranar farko, ko a littafin rubutu ko a waya: lambar juzu'i, ISBN, ɗab'i na nawa, halin da yake ciki, da abin da aka biya har da aike. A ƙara layi guda na aro, da sunan wanda ya karɓa da ranar. Idan dole ne a ba da aro, a ba da na 1 zuwa na 3, waɗanda ake iya maye gurbinsu cikin mako guda. Daga na 20 zuwa sama, mai son karatu ya zo ya zauna ya karanta a gida.